Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Yadda Ya Kamata Mu Goge Rubutun Bangon Makarantunmu

'Yan uwa malamai, duk wanda ya zaga makarantunmu, daga Achida zuwa Wurno, daga Rabah zuwa Gandi, daga Goronyo zuwa Shinaka, zai tarar bangayenmu cike da rubutun da ba mu muka yi ba. A katangar waje akwai sunayen 'yan takara da alamun jam'iyyu, waɗanda aka zana da fenti tun kafin zaɓen 25 ga Fabrairu da na 18 ga Maris na 2023, ga ragowar fastoci manne a kansu. A cikin aji akwai lissafin yara da gawayi, da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo da biro. A bayan makewayi kuwa akwai abin da alƙalami ba zai iya maimaitawa ba. Babu malamin da ke son ganin wannan, kuma babu wanda zai ce a bar shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke goge shi, domin sau da yawa gyaran da muke yi ya fi ɓarnar muni.

A wani taronmu na reshe wani ɗan uwa ya ba mu labarin da ya sa zauren ya yi tsit. An aiko cewa masu duba makarantu suna tafe bayan kwana biyu. Aka dubi katanga aka ga sunan wani ɗan takara ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa, sai aka tara manyan yara, aka ba su fetur a gorar ruwa da tsummoki, aka ce su goge. Kusa da ƙofar akwai mai suyar awara da murhunta. Ba a ankara ba tsumman wani yaro ya kama da wuta, hannunsa ya ƙone, ya shafe makonni bai riƙe biro ba, jarrabawar zangon ta wuce shi. Sunan ɗan takarar kuwa yana nan har yau, sai dai ya dishe ya bazu kamar an shafa miya. Ba za mu ambaci makarantar ba, domin abin da ya faru a can yana iya faruwa a hannun kowane ɗayanmu. Wa ke cikinmu bai taɓa aika yaro ya kankare bango da wuƙa ko da dutse ba?

Matsayinmu a kan wannan al'amari a bayyane yake. Goge rubutun bango aikin manya ne, ana yin sa bayan an san irin bangon da irin abin da aka yi rubutun da shi, ana fara shi da hanya mafi sauƙi, kuma nauyin kuɗinsa yana wuyan wanda ya ɓata. Lafiyar yaro ɗaya ta fi katangar makaranta gaba ɗayanta daraja.

Ba da rubutu muke faɗa ba

Kada a ɗauka muna ƙyamar rubutu. Wannan ƙasa da alƙalami aka san ta. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma littattafan da ya bari, irin su Infaƙul Maisuri, har gobe ana karanta su. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya riƙe alli a Makarantar Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Yaron da ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a bango ya nuna mana cewa abin da muka koya masa ya zauna, sai dai bai san muhallinsa ba. Iyayenmu da suka ƙirƙiro allo da tawadar gawayi da ƙaro sun fahimci wani abu: rubutun ɗan koyo a kan abin da ke wankuwa ake yin sa.

Rubutun siyasa a bango ma ba a kanmu aka fara ba. A birnin Fomfai na ƙasar Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, masu tono sun tarar da sunayen 'yan takara zane a bangayen tituna, kuma akwai masu sana'ar shafe bango da farar ƙasa kafin a yi sabon rubutu. Kusan shekara dubu biyu ke nan, amma dabararsu ta shafe fuskar bango gaba ɗaya maimakon kankarar haruffa har yanzu ita ce ta fi dacewa da yawancin gine-ginenmu.

A karanta kafin a goge

Matakin farko ba na hannu ba ne, na ido ne. Shugaban makaranta ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta. Idan barazana ce ga malami, ko ga gari, ko wata alama da ba a gane ba, to a halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki ba abin gaggawar gogewa ba ne. A ɗauki hotonsa da waya, a sanar da mai unguwa ko hakimi da jami'an tsaro, sannan a rufe shi. Idan lambar rumfar zaɓe ce, ko alamar ma'aikatan rigakafi, ko bayanin hukumar da ta yi ginin, ko saƙon kiwon lafiya, a tambayi masu shi kafin a taɓa.

Idan kuwa ƙazafi ne ga wata ɗaliba, kada ya kwana. Mun ga inda layi ɗaya da aka rubuta a bayan makewayi da sunan yarinya ya kai kunnen mahaifinta, washegari ba ta dawo aji ba, kuma ba ta sake dawowa ba. Mu da muke bin gida gida muna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su kammala karatu mun san wahalar shigo da yarinya ɗaya, bai kamata gawayin wani shaƙiyyi ya fitar mana da ita ba. Irin wannan a rufe shi nan take, ko da da laka ne, malami ya yi da hannunsa ba tare da an tara yara kallo ba, a nemi gyara mai kyau daga baya.

Akwai kuma rubutun da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, wanda yara kan yi da kyakkyawar niyya. Wannan a goge shi da tsumma mai tsabta, a tara ruwan a roba, a zuba shi a gindin itace ko wani wuri mai tsarki da ƙafa ba ta takawa. Kada a bar shi ya gangara kwata.

Kowane bango da maganinsa

Ginin ƙasa shi ne ya fi bukatar lallashi. Har yanzu muna da katangu da ɗakunan ajiya da gidajen malamai na tubali da yaɓe, ga makarantun Islamiyya da na allo da muke maƙwabtaka da su. Ruwa maƙiyin wannan bango ne: idan aka jiƙa shi aka dirza, yaɓen ke narkewa ya biyo tsumma. Kananzir da tina kuwa ƙara tura fentin suke yi cikin ƙasar. Idan gawayi ne ko alli, tsintsiya mai laushi ta wadatar, a busasshe. Idan fenti ne, magini zai feffere saman yaɓen kaɗan, ya kwaɓa ƙasa irin ta ginin ya sake yaɓe wurin, ya bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke kare bango da shi daga ruwan sama, ko ya shafe da farar ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a toshe wurin da siminti ko a rufe shi da fentin mai. Ginin ƙasa yana shan laima yana fitar da ita. Idan aka toshe masa hanya, laimar za ta taru a ciki, bayan damina ɗaya ko biyu simintin ya ɓalle ya tafi da guntun bangon. Wannan ya fi shafar makarantun da ke kusa da fadamar Rima, inda ƙasa ke riƙe ruwa, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da laima ke yi wa gindin gini. Tsofaffin gine-ginen tarihi na Wurno kuwa kada kowa ya sa musu hannu sai da izinin masu kula da su.

Bulo da filastar siminti da ba a yi wa fenti ba suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna shanye fenti kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shanye ruwa. Burushin ƙarfe zai cire launin sama, amma zai bar tabo mai siffar haruffan, ta yadda sunan da aka so ɓoyewa zai zama sassaƙe a jikin katanga. Wasu kan nemo ruwan batirin mota. Wannan asid ne mai ƙone fata da makantar da ido, kuma simintin yake ci, ba fentin ba. Yana barin bango yana zubar da gari. Hanyar da ta fi araha kuma ta fi aminci ita ce a wanke ƙura, a bari ya bushe, a shafe fuskar bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Facin fenti a kan haruffa kawai yana zama kamar allon da aka gyara wa mai rubutu na gaba. A kuma sani cewa jan fenti da tawadar maka suna huda fentin ruwa su sake bayyana bayan 'yan kwanaki, saboda haka mai fenti zai fara rufe haruffan da shafin farko na fentin mai, ya bushe sarai, sannan ya bi da na ruwa.

A cikin aji galibi saman bango fentin ruwa ne, ƙasansa kuma fentin mai ne mai sheƙi. Gawayi da alli a fara kaɗe su a busasshe, domin idan aka fara da ruwa gawayin zai zama tawada ya shige ciki. Daga nan a bi da soso mai laushi da ruwan sabulu, daga gefen rubutun zuwa tsakiya don kada ya bazu. Fentin ruwa ba ya jure dirza, idan rubutun ya ƙi fita gara a sake shafawa. A kan fentin mai, sifirit irin na asibiti a ɗan tsumma yana cire biro da maka. Tina tana cire rubutun, amma tana tafiya da fentin da ke ƙarƙashinsa. Duk abin da za a yi amfani da shi, a fara gwada shi a wani lungu da ba a gani, a jira a ga abin da zai yi. Baƙin hayaƙi, wanda ake samu a azuzuwan da 'yan gudun hijira suka fake suka yi girki, shi ma a busasshe ake fara kaɗe shi, sannan sabulu, sannan fenti. Waɗannan bayin Allah ba ɓarna suka yi ba, lalura ce ta kawo su.

Ƙofofi da tagogin ƙarfe suna da sauƙin gogewa domin ba sa shan fenti, amma idan aka kankare su har ƙarfen ya fito aka bar shi haka, damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama. Duk inda ƙarfe ya bayyana a shafa masa jan fenti mai hana tsatsa kafin a mai da launinsa. Gilashin taga a jiƙa shi da ruwan sabulu, babba ya kwantar da reza ya ture fentin a hankali. Reza ba ta hannun yaro ba ce. Benci da teburin katako da aka yi wa rubutu ko zane da kusa, kafinta zai bi su da samfefa ta hanyar da zaren katakon ya bi.

Allon aji yana da nasa hukunci. Kananzir ko wani abu mai maiƙo yana sa shi santsi, alli ya daina kamawa. A wanke shi da ruwa, idan ya ƙi a sake masa fentin allo. Al'adar fasa tsohon batirin rediyo a ba yara baƙin garin cikinsa su shafa wa allo da hannu ya kamata ta ƙare, domin garin nan haɗin sinadarai ne da ba a yi shi don taɓa fata ko shiga baki ba. Farin allo kuwa, idan aka yi kuskure aka rubuta masa maka marar goguwa, a bi kan rubutun da maka mai goguwa a share nan take, ko a sa sifirit.

Fastoci da kokon rogo ake manna su, kuma ruwa ke sakin koko. A jiƙa, a jira, a sake jiƙawa, a ɓare da guntun katako ko roba. Haƙuri ke cire fasta, ba wuƙa ba. A ginin ƙasa kuwa a ɗan yayyafa wa takardar kawai, kada a jiƙa bangon.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Fenti ba ya kama jiƙaƙƙen bango, don haka tsakiyar damina ba lokacinsa ba ne. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, bango yana ɗaukar zafi har fenti ya bushe kafin ya kama. Bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya yi ƙarfi, shi ne lokacin babban gyara, kuma da sanyin safiya.

Abubuwan da ba za su shiga hannun yaro ba

Fetur ba abin wanki ba ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda ba a zata ba, abin da ya sami yaron da muka ambata ke nan. Tina da kananzir ma suna kama wuta, kuma shaƙar su a rufaffen ɗaki na kawo jiri da ciwon kai. Sodar yin sabulu tana cire fentin mai, amma tana cin fata da ido, kuma yaron da ya haɗiye ta kan samu ƙunar maƙogwaro da za ta hana shi cin abinci har tsawon rayuwa. Mafi munin ganganci shi ne a zuba irin waɗannan a gorar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye a ofis, ɗan aji ɗaya ya shigo da ƙishirwa.

Ruwan bilic ba ya cire fenti, kuma idan aka haɗa shi da asid, ko da wasu magungunan wanke masai, yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Makewayi, inda rubutun banza ya fi yawa, shi ne wurin da ya fi ƙunci da ƙarancin iska, saboda haka nan ne haɗarin ya fi girma. Ƙa'ida ɗaya ta wadatar: kada a taɓa gauraya magani biyu.

Akwai kuma haɗarin da ba ya wari, ba ya zafi. Binciken da aka yi a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya ya sha nuna dalma mai yawa a cikinsa, musamman rawaya da ja. Idan aka kankare tsohon fenti a busasshe, ko aka ƙone shi da wuta, garin yana zuba a ƙasan ajin da ƙananan yara ke zama a kai, suna cin abinci da hannun da suka dafa ƙasa da shi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, wato tana rusa ainihin abin da muke tashi kullum don ginawa. Idan dole ne a goge tsohon fenti, a jiƙa shi, a shimfiɗa buhu a ƙasa, a kwashe garin, a goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma kafin yara su dawo. Haka nan silin ɗin asbesto da ke tsofaffin azuzuwa, wanda yara kan yi wa zane da hayaƙin kyandir: kada a kankare shi ko a bi shi da samfefa, domin ƙurarsa tana lalata huhu. A rufe da fenti kawai.

Mai aikin ya sa safar hannu ta roba, ya kare idonsa da tabarau, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya nisanci wuta da sigari, ya yi aikin ranar da babu karatu. Takunkumin yadi yana rage ƙura, amma ba ya tare tururin tina. Iska ce kariya. Idan wani abu ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, sannan a tafi asibiti. Idan yaro ya sha kananzir ko fetur ko soda, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya da shi babban asibitin Wurno, ko na Rabah, ko na Goronyo, a tafi da kwalbar abin da ya sha don likita ya gani.

Amsa ga masu cewa babu kuɗi

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce shugaban makarantar firamare ba shi da asusun da zai ɗauki mai fenti, alli ma wani lokaci daga aljihunsa yake saye. Za su ce mu ma da muna yara mun yi shara, mun yi yaɓe, ba abin da ya same mu, kuma tarbiyya ce wanda ya ɓata ya gyara.

Mun yarda da rabin wannan. Yaron da ya rubuta da gawayi ko alli, a ba shi tsintsiya da ruwan sabulu ya goge a gaban malami. Wannan horo ne mai kyau, babu cutarwa a ciki. Amma iyakarsa ke nan. Daga inda aiki ya kai ga reza, ko tsani, ko wani abu mai wari ko ƙuna, ya fita daga tarbiyya ya shiga ganganci, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, malamin da ya ba da umarni shi zai tsaya gaban iyaye da hukuma, ba wanda ya aiko a gyara katanga cikin kwana biyu ba. Game da kuɗi kuwa, yawancin hanyoyin da muka lissafa, tsintsiya da sabulu da ƙasa da farar ƙasa, sun fi fetur araha. Idan abin ya fi ƙarfinmu, gara mai duba makaranta ya tarar da katanga mai rubutu, mu nuna masa takardar da muka aika wa sakataren ilimi, da ya tarar da yaro da bandeji.

Sannan a tambaya: rubutun da ya fi girma, ya fi wuyar fita, wa ya yi shi? Ba yara ba ne. Manya ne suka zo da dare da gwangwanin fenti, aka biya su. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana neman ƙuri'a da nuna alamar jam'iyya a rumfar zaɓe da tazarar mita 300 daga gare ta a ranar zaɓe, kuma kowa ya san yawancin rumfunan yankinmu a harabar makarantu suke. Ashe katangar da ke ɗauke da sunan ɗan takara ba ƙazanta kawai ba ce, tana saɓa wa manufar doka. Tana kuma jefa malami cikin tsaka mai wuya: ya goge na wannan ya bar na wancan a ce ya ɗauki ɓangare, ya bar su duka a ce makarantar ta wata jam'iyya ce. Mafita ita ce a goge duka a rana ɗaya, da sanin hakimi da shugabannin jam'iyyu na mazaɓa, kuma jam'iyyun su biya.

Abin da muke nema

Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Malamai ta Najeriya na rassan Wurno da Rabah da Goronyo su fitar da matsaya a rubuce cewa babu mamban da zai ba ɗalibi fetur, ko tina, ko asid, ko soda, ko reza don goge bango, kuma ƙungiya za ta tsaya bayan duk wanda ya ƙi bin irin wannan umarni. Muna roƙon sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin uku da Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Sakkwato su sa ɗan kuɗin fenti da farar ƙasa cikin abin da ake ba makarantu, kuma duk ɗan kwangilar da ya yi gyara ya bar wa makaranta ragowar fenti mai launin da ya shafa. Muna roƙon kwamitocin kula da makarantu su nemo magini da mai fenti daga cikin iyayen yara, domin babu garin da ya rasa su. Muna kuma roƙon iyayen ƙasa su tara 'yan siyasa tun kafin kakar zaɓe ta kama, su amince cewa katangar makaranta ba allon talla ba ce.

A namu ɓangaren, mu riƙa gyara da wuri. Hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin Niyok a Amurka ta yi shekaru tana fama da masu zane a jikin taragai, sai daga 1984 ta ɗauki ƙa'idar cewa taragon da aka tsabtace ba zai sake fita aiki da rubutu a jikinsa ba. Zuwa 1989 ta janye na ƙarshe mai zane. Mai rubutu yana son a gani ne, idan ya san aikinsa ba zai kwana ba sai ya gaji. Sabon fenti ma ya fi wanda rana ta gasa sauƙin fita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, rubutu ɗaya da aka bari shi ke gayyato goma.

Daga ƙarshe, mu ba yara wurin da za su yi rubutu. A keɓe wani yanki na bango a farfajiya, a shafa masa fentin allo, a ajiye guntayen alli, a ce nan naku ne: karin magana, lissafi, zane, sakamakon ƙwallo, kowace Juma'a a wanke a sake. Hannun da ke ƙaiƙayin rubutu ba abin dukansa ba ne, shi muke nema tun ranar da aka kawo mana shi aji ɗaya.

Iyaye sun damƙa mana 'ya'yansu da idanu biyu da yatsu goma, haka ya wajaba mu mai da su gida kowace rana. Allah Ya tsare mu da ɗalibanmu, Ya kawo zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a aikinmu.